Faɗuwar Rana a Gidan Milisav

A garinmu ba a gayyatar mutum slava sau biyu. Idan maigida ya ce maka "ka zo mana bikin waliyyin gidanmu" sau ɗaya, shi ke nan, ka zama kaya a wuyansa har kabari, in ka mutu kuma 'ya'yanka su gaji kujerar. Ni marigayi Radoje ne ya gayyace ni tun ina saurayi, ta saman shingen da ya raba gidajenmu. Shi ya sa har yau nake cin kifin ɗansa Milisav duk ranar Waliyyi Nikola, ko yana so ko ba ya so. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gaban idona aka yi shi.

Milisav ya taɓa zuwa Jamus ya yi bazara ɗaya yana wankin mota. Tun da ya dawo da rigar fata da tsinken sakace a baki, babu abin da ke ƙarƙashin sama da bai sani ba. In motarka ta ƙi tashi, a Jamus ba haka ake yi ba. In akuyarka ta ƙi cin ciyawa, nan ma Jamus. Ba mugu ba ne, ni ma ina son sa, amma bakinsa kullum yana gaba, hankalinsa na biye a hankali da sanda.

Mahaifiyarsa, Kaka Desanka, abu ɗaya take so a duniya. Ƙaramin ɗanta Stanimir ya daɗe a Kanada, tun jana'izar mahaifinsu bai taka gida ba. Ita kuwa ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo. Burinta ta ga 'ya'yanta biyu sun kama burodin slava tare, sun juya shi gaban kyandir, sun gutsura kamar yadda suke yi da ubansu. A shekarar da nake magana Stanimir ya yi alkawarin zuwa, har tsohuwar ta sa an shanya bargonsa tun kaka.

Sai Milisav ya sayar da tukunyar jan ƙarfe da ubansa ke dafa barasar 'ya'yan itacen plam, ya sayo wasu tabarau guda biyu masu kama da akwatin takalmi da ake ɗaura wa fuska. Idan ka ɗaura sai ka tsinci kanka a wani wuri da wani kamfanin ƙetaren teku ya ƙirƙira, wai shi Tsibiri, inda mutane ke wasa, suna gina gidaje, suna hira da na nesa kamar suna ɗaki ɗaya. A shagon kofi ya baje mana su a kan tebur.

"Jirgin sama ya zama tsohon yayi," in ji shi. "Me zai sa Stanimir ya sha wahalar hanya? Yaransa na da irin wannan. Ya ɗaura a can, Mama ta ɗaura a nan, mu haɗu a Tsibiri mu yi slava."

"A can ɗin akwai kifi?" na tambaye shi.

"Boro, maƙwabci, kai dai tunaninka bai wuce ciki ba. Na sayi fili a can, na gina gida hawa uku, da zakuna biyu a bakin ƙofa."

"In masu Tsibirin suka tashe ka fa?"

Ya ɗaga kwalin ya nuna mana rubutun jiki, ya fassara mana da kansa. "Shigo sau ɗaya, ka zauna har abada. Kun ji? Irin al'adarmu ce da su. Sun gayyace ni, magana ta ƙare. Kamfani ne fa, ba ɗan kamasho ba."

Matarsa Zagorka ta bari sai da ya gama nuna mata benen. Ta cire tabarau ɗin, ta nuna masa bokitin da ke tarar yoyon rufin kicin.

"Wannan ma ka kai shi Tsibiri," ta ce.

Matsala ta farko ita ce sutura. Ba a shiga Tsibiri da jikin da Allah ya ba mutum, sai an zaɓi siffa a kantin kamfanin. Milisav ya zaɓa wa kansa wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar coci. Kaka Desanka kuwa ta ce ba za ta shiga ko'ina kai ba ɗankwali ba, kuma duk kantin mutum ɗaya ne mai ɗankwali, wani ɗan fashin teku mai ido ɗaya da gemu.

"Wane ne wannan la'anannen a madubi?" ta tambaya.

"Ke ce, Mama."

"To ka ce masa ya aske."

Fada Gavrilo, limamin cocinmu, shi ma an nemo masa doguwar riga, sai dai ta matsafi ce, da hula mai tsini da taurari. Ya duba sau ɗaya, ya gicciya hannu a ƙirji, ya ce shi da ƙafarsa zai zo ya shafa wa burodi albarka kamar kowace shekara, wanda ya ga dama ya ɗaura kwandon shara a ka. Ni kuwa da aka ɗaura mini sai na ga na zama zomo, jiri ya kwashe ni, na fita waje na rungumi itacen plam.

Sannan aka shiga gwaji. Maigida ba ya zama ranar slava, a tsaye yake yini yana hidimar baƙi muddin kyandir na ci. Milisav ya ce dole ya koyi hidima da tabarau a fuska. Illa dai gidan Tsibiri fili ne fetal, na gaske kuwa ɗakuna ne ƙanana cike da kujeru. Ranar farko ya miƙa wa wani baƙon Tsibiri hannu, ya mari surukarsa da ta zo aron rariya. Rana ta biyu ya hau matakalar benen da babu shi, ya sauka a gangar kabejin tsami har gwiwa. Da biki ya matso, Zagorka ta sayo manyan kifaye da rai ta zuba a bahon wanka, tunda slavar Nikola a cikin azumi take, ba a cin nama. Milisav ya buɗe ƙofar da yake zaton ta baranda ce, ya tsaya shaƙar iskar teku, ya ƙara taku ɗaya.

Ina daga gidana na ji ƙarar ruwan. Na same shi zaune a baho, kifi ɗaya a cinya, tabarau na nan daram a fuska.

"Boro, kai ne? Ka ga ci gaba? Har jiƙa mutum yake yi."

"Fito mini daga cikin abincin baƙi," in ji Zagorka.

Ana cikin haka wata safiya ya shigo shagon kofi yana sheƙi, ko maɓallin riga bai gama sawa ba. Wai yana tsaye gaban zakunansa sai wata mata mai zaƙin murya ta yi magana daga sama da Turanci. Turancin Milisav bai fi cikin cokali ba, amma ya cafke abu uku: an ce "faɗuwar rana", an ambaci ranar Waliyyi Nikola, an kuma ce "mun gode".

Daga baya muka gane cewa a bakin 'yan kamfani, idan suka ce rana za ta faɗi a kan wani kaya, nufinsu za su rufe shi su kashe wuta su tafi. Kunyar cewa "mun rufe" ce take sa su yi masa lalle. Amma a ranar babu mai wannan sanin a shagon, kuma ko da akwai, Milisav ba ya barin wani ya sa baki.

"A Tsibiri rana ba ta taɓa faɗuwa ba," ya ce, "kullum tsakar rana ce. Yanzu sun ga ranar slavata, sun ce za su yi mini faɗuwar rana ta musamman. Har godiya suka yi mini."

"Ina suka san ka?" in ji mai shagon.

"Mutum mai bene hawa uku? Kai dai ba ka san yadda Turawan can ke girmama abokin ciniki ba."

Nan ya ciro waya ya kira Kanada, ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Ƙanena, ka mayar musu da tikitinsu. Kada ka motsa. Ka ɗaura tabarau kawai, komai na hannuna."

Stanimir ya ce, "Yaya, ka ji sanarwar da suka yi?"

"Kafin kai na ji. Faɗuwar rana."

"Ka kuma gane ta?"

"Ni da na zauna a Jamus kake tambaya?"

"A Jamus ai Jamusanci ake yi."

"Duk bakin Turawa ne. Ka dai yi abin da na ce, ni ne babba."

"To," in ji Stanimir. "Allah ya kai mu faɗuwar ranar."

Da ya ajiye waya, daɗi ya kwashe shi. Ya hau kan kujera ya buɗe hannuwa, ya yi abin da ko mahaukaci ba ya yi a garinmu. Ya ce duk wanda ke shagon, da wanda ke wucewa a titi, da 'yan'uwansu, ya gayyace su slava su zo su ga faɗuwar rana. Wani tsoho da ke wasan karta ya ajiye kartarsa a hankali ya ce, "Kowa ya shaida?" Aka ce an shaida.

Da labarin fasa zuwan Stanimir ya kai kunnen Kaka Desanka, ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka naɗe bargon aka mayar akwati. Na gan ta da yamma zaune bakin taga, hannu a cinya, kuma a gaskiya ranar na ji haushin Milisav har wuya.

"Zan gan shi dai?" ta tambayi ɗanta.

"Kamar ki taɓa shi, Mama."

"Kamar," ta ce.

Kwanakin da suka biyo baya Tsibiri ya fara watsewa, Milisav kuwa kallon kitse yake yi wa rogo. Maƙwabtansa na can suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ya ce kamfani ne ke rage cunkoso saboda baƙinsa. Kantin sutura ya fara raba kaya kyauta, ya ce goron biki ne, ya kwaso zakuna har suka cika farfajiya. Wani baƙo ya zo ya rungume shi yana kuka yana ban kwana da wani yare, ya ce mutumin na baƙin ciki ne don ba a gayyace shi ba. Ya buga wa ofishin kamfanin waya don ya yi godiya, ba wanda ya ɗauka.

"Suna can suna shirya rana," ya gaya mini. "Ka san nauyinta?"

Ranar Nikola rabin gari ne ke biki, rabi kuma baƙi. A shekarar duk rabin baƙin gidan Milisav suka nufa. Falo ya cika, kicin ya cika, wasu na tsaye a tsakar gida cikin sanyi suna leƙe ta taga. Zagorka ta soya kifin baho, ta aika aka sayo wani, ta buɗe gangar kabejin da mijinta ya yi wanka a ciki ba ta gaya wa kowa ba. Duk wanda ta miƙa wa cokalin dafaffiyar alkama a bakin ƙofa sai ta harari bayan mijin.

Burodi kuwa Milisav ya hana a gutsura da hantsi kamar yadda aka saba, wai sai rana ta zo faɗuwa. Fada Gavrilo ya zagaye duk gidajen masu biki ya zo nan a ƙarshe, ƙafa ta kumbura, haƙuri ya ƙare.

An jona tabarau da talabijin don kowa ya ga abin da tsohuwar ke gani. Sai ga bene, ga zakuna birjik, ga ƙato mai ƙirji, ga ɗan fashin teku yana dogara sanda. Mutane suka yi ta dariya suna tafi. Can gefe kuma ga siffar Stanimir a tsaye, ba ta motsi.

"Stanimir, ɗana," in ji Kaka Desanka. "Ka yi magana mana."

Shiru.

"Kuka ne ya ci ƙarfinsa," in ji Milisav. "Ku ba shi lokaci."

"Tun ɗazu ko ƙifta ido bai yi ba," wani ya ce daga taga.

"Haka ake yi a Kanada, saboda sanyi."

Fada ya ɗaga burodin, ya yanka gicciye a ƙasansa, ya zuba ruwan inabi, ya fara waƙa. Milisav ya kama gefe ɗaya da tabarau a fuska, ya sa uwar ta ɗora hannu, suka fara juyawa. A waje hasken hunturu ya yi ja a kan rufin gidaje.

"Ku kalli talabijin," Milisav ya ce da ƙarfi, har ya katse waƙar. "Ga ta nan. Wanda bai taɓa zuwa Turai ta gaske ba, yau zai gani."

Muka zuba ido. Ranar Tsibiri na nan tsakar ka, ko gezau. Sai zakuna suka ɓace. Bene ya bi su, hawa na uku, na biyu, na ɗaya. Ƙato mai ƙirji ya rage kai kawai yana shawagi, shi ma ya tafi. Wani ɗan rubutu ya fito, sannan gilashin ya yi baƙi ƙirin, ba abin da muke gani a ciki sai fuskokinmu da bakuna a buɗe.

"To, ta faɗi," in ji tsohon nan mai karta. "Rana dai ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya."

"Dare ne ya yi," in ji Milisav. "Ku jira taurari. Zagorka, taɓa wayar bayan talabijin. Boro, wa ya taka igiya?"

"Ba igiya ba ce, maƙwabci. Masu gayyatarka ne suka kwashe tabarmarsu."

"Ba za su yi mini haka ba. An rubuta a kwali."

Cikin duhun tabarau ya juya neman talabijin, burodi a hannu. Ya taka gefen rigar Fada. Fada ya yi baya ya zauna a cinyar matar mai shagon kofi. Zagorka ta yi wuf ta cafe kyandir kafin tebur ya kife. Milisav ya yi tuntuɓe da bokitin yoyo, ya tafi gaba ɗaya, burodin slava ya tashi sama ya bi ta kan jama'a ya nufi ƙofa.

Wani mutum da ke shigowa da jakar tafiya a kafaɗa ya saki jakar ya cafe shi da hannu biyu.

Mutumin ya ɗora yatsa a leɓe, aka buɗa masa hanya. Kaka Desanka na zaune inda aka bar ta, tabarau a fuska, hannu a miƙe cikin iska.

"Milisav, ba na ganin komai," ta ce. "Ina yaron? Ka ce zan gan shi."

Ashe mai jakar Stanimir ne, ya durƙusa gabanta ya sa fuskarsa a tafin hannunta. Ta shafa goshin, ta shafa hancin, ta kama kunnen ta ja.

"Milisav," ta ce a hankali, "na yafe maka tukunyar ubanka. Wannan abin naka har warin tabarsa yake kawowa."

Aka fashe da dariya, wasu na share hawaye, ni ma ban tsira ba. Stanimir ya kwance mata igiyar tabarau. Ta dube shi da kyau, ta daɗe tana duba.

"Ka yi ƙiba," ta ce. Sannan ta rungume kansa ta ƙi saki.

Milisav ya taso daga ƙasa, gwiwa jiƙe, tabarau a karkace a goshi.

"Na ce maka kada ka zo."

"Yaya, slava ce. Ɗan gida ba a gayyatarsa, ba a kuma hana shi."

"To wane ne wancan da ke tsaye a Tsibiri tun safe?"

"Tukunyar furen matata. Ita muka ɗaura wa."

"Ka san abin da za su yi, ka ƙyale ni?"

"Na tambaye ka ko ka gane. Ka ce ka zauna a Jamus."

Wani da ba Milisav ba da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Shi kuwa ya karkaɗe wando, ya juyo ga jama'a.

"Kun dai gani da idonku. Na ce Mama za ta ga ɗanta da faɗuwar rana ko ban ce ba?"

"Zo ka kama burodi," in ji Fada Gavrilo, "kafin in manta ni limami ne."

Suka kama su biyu, uwar ta ɗora hannu a tsakiya, suka juya, suka gutsura, suka sumbaci burodin. Ɓangaren Stanimir ya fi girma, Milisav ya ce da gangan ya bar masa.

Tabarau ɗin yanzu suna cikin gangar kabeji, an naɗe su a leda, su ne nauyin da Zagorka ke danne murfi da shi. Ta ce a nan ne kawai suka taɓa yin aiki. Kamfanin kuwa ya fito da wani sabon wuri, wai shi kuma Tudu, da sabon tabarau, tsohon ba ya shiga. Milisav ya kawo hoton shagon kofi ya fara cewa wannan karon daban ne, mai shagon ya tambaye shi ko har abadan nasu na bana ya fi na bara tsawo, sai ya mayar da hoton aljihu.

Abin da bai lissafa ba bai fito fili ba sai da shekara ta zagayo. Ranar Nikola da hantsi ya buɗe ƙofa, ya tarar da layi tun daga matakala har bakin titi, tsohon mai karta a gaba da sabuwar hula, da jikokinsa.

"Lafiya?" in ji Milisav.

"Mun zo ganin faɗuwar rana."

"Ai babu. Kamfanin ya rufe."

"Wannan tsakaninka da kamfani ne," in ji tsohon, yana goge takalmi a bakin ƙofa. "Mu kai ka gayyace mu."

Milisav ya waiwaya yana neman ceto. Zagorka na tsaye bayansa, ta miƙa masa tiren alkama da cokula.

"Shigo sau ɗaya," ta ce wa na farko a layi, "ka zauna har abada."